Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima: Gasar Duba Dabbobi Da Amfaninta Ga Ɗaliban Noma A Parakou Da Djougou

Duk wanda ya daɗe yana harkar dabbobi tsakanin Parakou, Djougou da kasuwannin bakin iyaka, ya san cewa tun ranar saye ake cin riba ko a faɗi. Mutum zai shiga kara da safe ya tarar da bijimai huɗu a ɗaure, masu saye sun kewaye su, babu sikeli, babu takardar da ta nuna shekarun ko ɗaya daga cikinsu, kuma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ake so ya yanke shawarar wanda zai taya da kuma nawa zai taya. Idan ya yi kuskuren kilo 20 a kan kowane sa, a motar da ta ɗauki shanu 30, to kilo 600 ke nan ya tafi, wato kamar an zare masa shanu biyu daga cikin motar tun kafin ta bar gari.

Wannan ido da ke raba mai riba da mai faɗuwa, a Zongo ba a makaranta ake samunsa ba. Yaro kan fara ne da riƙe igiya, ya yi shekaru yana bin ubangidansa kasuwa-kasuwa, yana kallo yana saurare, har wata rana a ce masa je ka ka taya wancan. To amma abin da da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ba su sani ba shi ne, a wasu ƙasashe wannan aiki darasi ne a jami'a, har ma akwai ƙungiyoyin ɗalibai da ke fafatawa a kansa kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa, da koci, da kofi, da komai. Kuma tunda yanzu 'ya'yan Zongo da dama suna karatun aikin gona da kiwo, ya kamata iyaye su san mene ne wannan gasa da abin da take ƙara wa yaro.

A cikin kara aka haife ta

Abin sha'awa shi ne, ita kanta gasar a kasuwar shanu ta samo asali. A ƙarshen ƙarni na 19, birnin Shikago na Amurka shi ne babbar matattarar dabbobin ƙasar, inda jiragen ƙasa ke sauke shanu da tumaki daga ko'ina domin mahauta. A wannan kara ce aka fara babban baje kolin dabbobi a shekarar 1900, kuma a wannan shekarar aka tara ɗaliban jami'o'in aikin gona aka ce su gwada idonsu. An ci gaba da yin baje kolin a Shikago har zuwa 1975, daga nan babbar gasar ɗaliban ta koma birnin Louisville na jihar Kentaki, inda ake yin ta a watan Nuwamba.

Yadda ake yi ba shi da wuyar ganewa ga ɗan kasuwa. Kowace jami'a kan kawo ɗalibai biyar. Sai a fito da dabbobi huɗu masu jinsi ɗaya da shekaru kusan ɗaya, a ba ɗalibi 'yan mintoci, ba ya magana da kowa, ya jera su daga na ɗaya zuwa na huɗu. Dabbobi huɗu ana iya jera su ta hanyoyi 24, kuma ɗaya ce kawai ta dace da abin da alƙalai suka yanke. Wanda ya dace da su yana da maki 50, wanda ya kauce kuma a rage masa gwargwadon girman kuskurensa: idan dabbobi biyu sun yi kusa da juna ƙwarai ya juya su, ragin kaɗan ne, amma idan ya ɗora rama a kan mai ƙiba, ya sha kashi. Haka za a yi ta fito da rukuni bayan rukuni har 12 a yini guda.

Sai kuma kashi na biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Bayan an gama jerawa, ɗalibi zai tsaya shi kaɗai gaban alƙali, babu takarda a hannunsa, ya yi bayani cikin kamar minti biyu a kan dalilin da ya sa ya fifita wannan a kan wancan. Dole ya tuna da dabbar da ya gani tun da safe, ya faɗi abin da ta fi 'yar'uwarta da shi, ya kuma amince da inda wadda ya mayar baya ta fi ta. Rukuni takwas ake yi wa irin wannan bayani, kowanne da maki 50, ta yadda jimillar makin mutum ɗaya ke kamawa 1,000. Ke nan maki 400 daga ciki na baki ne.

Faransa ma, wadda makarantun Jamhuriyar Benin suka gaji tsarinta, tana da irin tata. A babban baje kolin aikin gona da ake yi a Paris duk shekara, akwai gasar duba dabbobi ta matasa, inda ɗaliban makarantun noma da suka yi nasara a yankunansu ke zuwa su ba saniya ko tunkiya maki gaɓa-gaɓa, a kwatanta da makin da ƙwararru suka bayar.

Me yaro ke samu?

Abu na farko dai shi ne yawan gani. Ɗalibin da ke aji yana iya haddace sunayen ƙasusuwan saniya duka, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa buɗe bakin sa ya duba haƙori ba. Wanda ke cikin ƙungiyar gasa kuwa, kafin shekara ta zagayo ya duba ɗaruruwan dabbobi, ya shafa gadon bayansu, ya ga tafiyarsu, an kuma gaya masa nan take inda ya yi daidai da inda ya kauce. Abin da yaron dillali ke tarawa a hankali cikin shekaru, shi ake matse wa ɗalibi cikin ɗan lokaci, domin kowane kuskurensa ana nuna masa shi tun dabbar tana tsaye a gabansa.

Na biyu, yanke shawara. Ma'aikatan kiwo da yawa da ake turowa ƙauyuka, matsalarsu ba rashin sani ba ce, tsoron faɗar magana ɗaya ne. Makiyayi ya kawo karsana biyu ya ce wacce zan riƙe, wacce zan sayar in sayi hatsi, sai ma'aikaci ya shiga kame-kame. Daga ranar kuwa makiyayin ba zai sake tambayarsa komai ba, har da maganar allurar rigakafi. A gasa babu wannan dama: lokaci na cika sai ka miƙa katinka.

Amma babbar riba ita ce ta iya faɗin dalili. A nan ne ma kara da makaranta kowanne ke da giɓi. Tsohon dillali yana iya kallon sa daga nesa ya ce wannan ba zai kai Ikko da ƙafarsa ba, kuma maganarsa ta tabbata, amma idan ka ce ya bayyana maka abin da ya gani, sai ya ce ai ido ne. Ba rowa yake yi ba. Ilimin ya zauna masa a jiki har ba ya iya rarrabe shi. Shi ya sa idan irin waɗannan dattawa suka kwanta dama, da yawan abin da suka sani yake bin su. Ɗalibi kuma yana da kalmomin, idon ne babu. Gasar tana tilasta wa mutum ya haɗa biyun, ya ce na fifita wannan saboda faɗin ƙirjinsa da cikar cinyarsa, na mayar da wancan baya saboda yana jan ƙafar baya ta hagu kuma gashinsa ya tashi. Abin da aka iya faɗa da baki, ana iya koyar da shi, ana iya rubuta shi, ana kuma iya musanta shi idan kuskure ne.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ta 'yan boko ce kawai. Yau ciniki nawa ake ƙullawa ta wayar hannu? Alhaji yana Legas ko Kwatano, yaronsa yana kara, ya ɗauki hoto ya tura ta WhatsApp. Hoto kuwa ba ya nuna tari, ba ya nuna ɗingishi, kuma kowa ya san yadda ake tsayar da rago ta gefen da ya fi kyau. Idan yaron ba zai iya bayyana dabba da baki dalla-dalla ba, to cinikin biri a sama ake yi. Yaron da aka horar ya yi bayanin dabbobi huɗu cikin minti biyu ba tare da ya manta komai ba, shi ne wanda kowane mai kuɗi zai so ya aika.

Kayan aikin duk suna nan

Idan aka dubi Parakou da kewayenta, za a ga babu abin da irin wannan gasa ke bukata da babu shi. An kafa Jami'ar Parakou a 2001, kuma tana da tsangayar aikin gona da ke koyar da kiwo. Akwai makarantun sakandaren aikin gona a Kika da Ina, akwai kuma ta Bariénou a yankin Djougou. Gabas da gari akwai gonar kiwo ta Okpara, wadda aka kafa a 1952 tun zamanin Turawa, inda ake adana irin shanun Bargu. Ga kuma karar Tourou a kan hanyar Djougou, ga ta Kolokondé. A Amurka sai ɗalibai sun yi tafiyar kwanaki a mota, suna rasa darasi, kafin su ga irin dabbobin da ɗalibin Parakou zai gani idan ya hau babur ranar kasuwa.

Uwa uba ga malamai. Zongon Djougou da na Parakou ba jiya aka kafa su ba. Zangon fatake ne tun lokacin da ayarin goro ke tasowa daga Gwanja ya bi ta nan zuwa ƙasar Hausa, kuma madugun da bai san jakin da zai kai da wanda zai kwanta a hanya ba, bai daɗe yana madugu. Jikokin waɗannan mutane su ne dillalai da mahautan yau. Mahauci ma ya fi kowa cancantar zama alƙali, domin shi kaɗai ne kullum ake yi wa jarrabawa a ba shi sakamako a ranar: ya ƙiyasta sa da safe, ya feɗe shi, ya ga nama nawa ya fita, ya ga hantar lafiya take ko ta lalace.

Akwai kuma wani dalili da ya sa lokacin ya yi. Mai karatu zai tuna abin da ya faru a Gogounou, a kan hanyar Kandi, inda tun a shekarun 1970 makiyaya suka tashi tsaye suka ce ba su yarda a ci gaba da sayar musu da shanu a ɓoye ba tare da sun san kuɗin da aka biya ba. Daga baya aka sauya tsarin kasuwar, mai dabba da mai saye suka koma yin ciniki ido da ido, tsofaffin dillalai kuma suka zama shaidu da ake biya daga kuɗin da ake karɓa a kan kowace dabba. Wannan tsari ya bazu zuwa wasu kasuwannin arewacin ƙasar. Ko mutum yana son sa ko ba ya so, abin da ya haifar a fili yake: kowa sai ya zo kasuwa da idonsa. Bugu da ƙari, a ƙarshen 2019 gwamnatin Benin ta hana shigowar garken shanu masu ƙetaro iyaka domin kiwo, ta kuma karkata ga zaunar da makiyaya wuri guda. Wanda aka ce ya zauna a fili ƙayyadadde ba zai iya riƙe kowace dabba ba, dole ya zaɓa, kuma duk zaɓen da ya yi a bana shi zai gani a garkensa nan da shekara goma.

Wace ce saniya mai kyau?

To amma fa akwai tarko, kuma gara a faɗe shi tun yanzu. Gasa tana koyar da abin da alƙalai ke so ne, idan kuwa alƙalai suka karkace, sai ɗalibai su karkace gaba ɗaya. Su kansu Amurkawan sun ɗanɗana. A shekarun 1940 da 1950 alƙalan baje koli sun raja'a a kan gajerun shanu masu dunƙulallen jiki, masu kiwo suka yi ta zaɓen irinsu domin cin kofi, har cutar wadanci ta gado ta bazu a cikin manyan irin shanunsu na nama, aka yi ta haihuwar maruƙan da ba su da amfani. Sai da aka yi shekaru ana tsince garke kafin a shawo kan abin.

Darasin da ke ciki gare mu shi ne, kada a ɗauko littafin wata ƙasa a ce da shi za a auna dabbar Bargu. Idan aka tsayar da Bokolo na Sakkwato, da farin sa na Fulani, da jan sa mai dogon ƙaho, da ɗan gajeren san Somba na duwatsun Atakora, wanda ya bi girma kawai Somba zai sa a ƙarshe. Amma a kai su huɗun wurin da tsando ya yi yawa a bar su damina biyu, a ga wanda sammore zai fara kayarwa. Gajerun shanun nan marasa tozo suna jure wannan cuta, shi kuwa san Bargu, da yake ruwa biyu ne tsakaninsu da masu tozo, ya ɗebo wani abu daga juriyar ya kuma ɗebo wani abu daga girman. Haka abin yake a tumaki: Balami da Uda sun fi cika ido ranar Sallah, amma gajerar tunkiyar kudu ta fi su jure danshi da tsutsar ciki. Saboda haka kafin a ce wa ɗalibi jera, sai an gaya masa don me: na yanka ne za a loda gobe, ko na turke da za a ciyar wata uku, ko na huɗa, ko kuwa karsanar da za ta zauna a garke ta haihu? Dabbobi huɗun nan dai, jerinsu yana sauyawa da sauyawar tambayar. A gasar Amurka ma yanzu akan ba ɗalibai takardar bayanin dabba da irin gonar da za a kai ta, domin sun gane ido kaɗai ba ya ganin komai. Ido ba ya ganin sau nawa saniya ta haihu, ko maruƙanta nawa suka rayu.

A nan ne boko ke da abin da zai kawo wa kara, kuma ba abubuwa ne masu tsada ba. Haƙori dai kowa ya san shi: sa kan fitar da manyan haƙora biyu na farko yana wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, bakinsa ya cika takwas yana wajen shekara biyar, rago kuma yakan sauya biyun farko bayan ya shekara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar da dabbar layya, tunda a mazhabar Malikiyya da muke bi sa sai ya cika shekara uku ya shiga ta huɗu, kuma ba a layya da mai ido ɗaya, ko gurgu, ko mara lafiya, ko ramamme. Sai ma'aunin ƙiba: a 1986 wasu masu bincike biyu, Nicholson da Butterworth, a cibiyar binciken dabbobi ta Afirka da ke Adis Ababa, sun fitar da tsarin ba shanu masu tozo maki daga 1 zuwa 9, ta hanyar duba haƙarƙari, ƙashin baya, ƙugu, gindin wutsiya da tozo. Amfaninsa shi ne idan mutum biyu suka koye shi, ɗaya ya ce wa ɗaya ta waya wannan sa maki shida ne, sun fahimci juna ba gardama. Akwai igiyar awo da ake zagaya ƙirjin dabba da ita a bayan ƙafafun gaba a ƙiyasta nauyinta. Akwai kuma katin FAMACHA da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, mai launi biyar daga ja zuwa fari, wanda ake kwatantawa da cikin fatar idon tunkiya ko akuya a gane ko tsutsa ta shanye mata jini. Dillalanmu sun daɗe suna jan fatar ido su duba. Katin lamba kawai ya sa wa abin.

Haka nan ɗalibi yana bukatar wanda zai nuna masa abin da ba ya cikin littafi. Wane malamin jami'a ne zai koya masa yadda ake gane san da aka ba kanwa da gishiri aka ɗura wa ruwa da asuba domin cikinsa ya cika? Ko ragon da aka wanke da sabulu aka taje, alhali a ƙarƙashin gashin ƙashi ne? Ko dabbar da aka yi wa allura jiya domin ta tsaya da ƙafarta yau? Waɗannan sai 'yan kara, kuma ba kowa zai so ya faɗa ba, wannan gaskiya ce. Amma mafi yawan 'yan kasuwa su ne ake cuta da irin waɗannan dabaru, ba su ke yi ba.

Kada kuma a manta da 'yan mata. A Zongo kiwon tumaki da awaki a cikin gida sana'ar mata ce, da ita ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da ita ake fita kunyar biki. Sau da yawa kuwa mace ba ta zuwa kara, sai dai ta ba da kuɗi a sayo mata, abin da aka kawo shi za ta karɓa. Ɗalibar da ta iya duba tunkiya ta ce wannan hantsarta ta lalace gefe guda, waccan kuma ta tsufa haƙoranta sun zube, za ta shiga gidajen da ma'aikaci namiji ba zai shiga ba.

Game da kuɗi, abin bai kai yadda ake zato ba. Ba a bukatar sayen dabba ko ɗaya. Makonni biyu ko uku kafin Babbar Sallah, lokacin da kara ta cika maƙil, shugabannin kasuwa za su iya ware wani gefe da sassafe kafin ciniki ya kankama, masu dabbobi su ba da aron raguna huɗu, bijimai huɗu, karsana huɗu da awaki huɗu. Alƙalai uku sun isa: malamin kiwo ko likitan dabbobi ɗaya, makiyayi ɗaya, mahauci ko dillali ɗaya, kuma su daidaita a kan jerinsu tun kafin ɗalibai su iso. Kowane ɗalibi ya yi bayaninsa sau biyu, ɗaya da Faransanci domin malaminsa, ɗaya da Hausa, Dendi, Fulatanci ko Barganci domin mai dabbar da ke tsaye yana ji. Rukunin bijiman kuwa a zaɓo su daga cikin waɗanda mahauta suka riga suka saya domin yankan ranar, kowane ɗalibi ya rubuta kilo nawa na nama yake ganin kowanne zai bayar, a rufe takardun a ba Sarkin Pawa ya riƙe. Da azahar, bayan an feɗe an ɗora a sikeli, sai a buɗe.